Barista Radiya, Wadda Ta Nemo Mu Inda Aka Ɓoye Mu

Ranar Litinin shida ga watan Mayu na shekarar 2024, a kwanakin ƙarshe na watan Ƙaramar Sallah, ina zaune a shagona da ke Ƙofar Gayan da allura a hannu, maƙwabcina ya yi sallama, sannan ya ce Barista Radiya ta rasu da hantsi. Na ce daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na maimaita, na sake maimaitawa, amma zuciyata ba ta karɓi maganar ba sai da na ga an fito da makararki bayan la'asar daga gidan maigidanki, Alhaji Bahago, a Ƙofar Doka.

Barista, abokan aikinki sun yi rubutu a kanki, sun ambaci shekarun da kika yi kina koyar da shari'a a harabar jami'a ta Kongo a nan Zariya, da ɗaliban da kika yaye. Allah Ya saka musu. Ni ba marubuci ba ne, mai ɗinkin hannu ne, aikin babbar riga na gada. Amma ina cikin mutanen da kika je nema a bayan ƙofofin da ba a buɗe wa kowa, kuma na ga bai kamata a gama maganarki ba a ji ta bakin ɗayanmu ba.

A shekarar 2014 na ɗauki riguna zuwa wani gari a arewa maso gabas, inda muke da masu saye tun zamanin mahaifina. Washegarin saukata bom ya tashi a kasuwa. Kafin azahar jami'an tsaro sun zagaye tasha, suka kwashe duk namijin da ba ɗan garin ba. Na nuna rigunan, na nuna katin shaidata, ba wanda ya duba. Aka rufe mana idanu, aka ɗaure mana hannuwa ta baya, aka zuba mu a mota.

Ba zan tsawaita a kan wurin da aka kai mu ba. Ɗaki ne da ba a iya kwanciya a cikinsa don yawanmu, sai dai a zauna, ƙirjin wannan a bayan wancan. Ruwa a murfin gora ake raba shi. Wanda ya rasu, mu muke masa addu'a a zaune, a zo a ɗauke shi, ba mu san inda ake kai shi ba. Ba zan ɓoye ba, a cikinmu akwai masu hannu a ta'addancin, mun san su daga maganarsu. Amma akwai manoma da direbobi da masu sayar da albasa, waɗanda laifinsu kawai sun kwana a garin. Ba a gaya wa kowa tuhumar da ake masa ba, ba wanda ya ga alƙali, kuma ba wanda danginsa suka san yana raye.

A gida kuwa, dangi sun haƙura da ni. Aka ce matata Ibtisam, wadda na bari da ciki, ta shiga takaba. Mahaifiyata, Inna Batul, ita kaɗai ta ƙi karɓar gaisuwa. Cewa ta yi ba ta ga gawa ba, kuma jikinta bai ba ta ba. A shekara ta uku aka saki wani mutum da muka zauna ɗaki ɗaya, ya yi amana, ya zo har Zariya yana tambayar gidan masu ɗinki, ya gaya mata ina nan da rai. Ko mayafi ba ta gyara ba ta taka har gidanku, don ta san mahaifiyarki tun suna 'yan mata. Inna ta sha ba ni labarin ranar. Ta ce kin dawo daga aji a gajiye, kika same ta a tsakar gida, kika sauko kika zauna tare da ita a tabarma, ba ki katse ta ba har ta gama kukanta. Sannan kika ce, "Inna, ba zan ce miki gobe zai dawo ba. Amma in yana raye, sai sun faɗa da bakinsu inda yake."

Daga nan kika shiga safa da marwa. Kika shigar da ƙara kina neman a kawo ni gaban kotu ko a sake ni. Da farko aka ce babu mai wannan suna a hannu. Kika kawo mutumin da ya gan ni, ya rantse. Sai aka ce to, ana cikin yaƙi, sha'anin tsaro ne, ba a bayyanawa. An gaya mini kin miƙe a gaban alƙali kika ce yaƙi bai ɗauke wa kowa haƙƙin a gaya masa laifinsa ba, bai kuma halatta a kulle mutum shekaru ba tare da shari'a ba. Kika ce in suna da shaida su kawo, ke ma kina so ki gani. Aka yi ta ɗage zama. Kina barin Zariya tun da asuba, ki isa a ce lauyan ɗaya ɓangaren bai zo ba, ki juyo, ki sake komawa.

Ranar da na fara ganinki ba ta fita daga idona. An fito da ni ina dafa bango, hasken rana yana cizon idona, na zaci wani wurin za a mai da ni. Sai na ga mace da farin hijabi da tabarau zaune a kan benci. Kika miƙe tsaye, kika ce, "Malam Haisam, sannu da haƙuri. Daga Zariya nake." Shekaru ke nan ba wanda ya kira ni da sunana, balle ya sa mini Malam. Kika ce Inna ta ce ki duba mata haƙorina na gaba da ya guntule tun ina yaro, don ta tabbata ni ne. Na buɗe baki in nuna miki, sai kuka ya ƙwace mini. Kika kau da kai, kika jira. Da na natsu kika gaya mini Ibtisam ta haifi mace, an sa mata Ihsan, har tana zuwa makarantar allo.

Sannan kika dube ni ido cikin ido, kika ce in gaya miki gaskiya. "Ko kana da hannu zan tsaya sai an kai ka kotu, don haƙƙinka ne. Amma ba zan yi maka ƙarya a gaban alƙali ba." Wannan maganar ta fi komai kwantar mini da hankali, domin a nan na san akwai wanda gaskiyar ta dama.

Ba a kyauta miki ba a garin nan, Barista. An kira ki lauyar 'yan ta'adda. Akwai gidajen biki da aka daina gayyatarki. Masu faɗar haka da yawa sun san ƙanenki Suhail a harin bom ya rasu yana hanyar zuwa aiki, har ma suna cewa kin ci amanar jininsa. Na taɓa tambayarki daga baya ko maganar ba ta ƙona miki rai. Kika ce tana ƙonawa. Kika ce ba abin da kike so irin ki ga wanda ya kashe Suhail a gaban alƙali, a karanta masa laifinsa a fili, a hukunta shi. Amma in aka kama mai ɗinki aka rufe a madadinsa, shi yana can waje, ba a yi wa Suhail komai ba, an dai ƙara uwa ɗaya mai kuka.

Ko da kotu ta ba da umarnin a sake ni, sai da aka ja wasu watanni, kika sake komawa gaban alƙali kafin a buɗe ƙofar. Ke da Alhaji kuka zo ɗaukata. Da muka iso Ƙofar Doka kika ce direba ya tsaya, kika ce in sauka in shiga garina da ƙafata. Na taka ina kallon ganuwa, ina jin ƙamshin ƙosai da hayaniyar masu babur. Kuna biye da ni a hankali a mota har ƙofar gidanmu, kuma ba ki shiga ba. Cewa kika yi yau ranar Inna ce.

Mutane da yawa suna zaton fitowa ita ce ƙarshen wahala. Ke kin san ba haka ba ne. Ihsan tana ɓuya a bayan uwarta in ta gan ni. A masallaci, in na tsaya a sahu, sai a bar fili a gefena. Ban gaya wa kowa ba, amma labari ya kai miki. Sai ga Alhaji Bahago, dattijo mai ciwon gwiwa, ya bar masallacin ƙofar gidansa ya riƙa zuwa namu sallar magariba, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, har filin nan ya rufe da kansa. Hannuwana kuma rawa suke saboda ɗaurin da suka sha, ban iya ko zura zare ba. Kika aiko da shadda kika ce rigar Alhaji ce, ni kike so in yi mata aiki, kuma ba sauri. Na ɓata wuyan, na warware, na sake. Na kusan shekara a kanta. Ranar Babbar Sallah ya sa ta, duk wanda ya yaba sai ya gaya masa sunana da inda shagona yake.

Ba ni kaɗai ba ne. A wurin jana'izarki na ga fuskokin da na sani a cikin duhun ɗakin nan, wasu suna jin labari suka kamo hanya daga garuruwansu don su iso. Ba mu yi wa juna magana mai yawa ba. Mun tsaya a sahu ɗaya, kowa yana share hawaye da hannun rigarsa.

Ina kewarki, Barista. Ina kewar yadda kike tsayar da mota a bakin shago ki sauke gilashi ki tambayi jikin Inna, ki tambayi ajin da Ihsan ta kai. Har yanzu in na ji mota ta rage gudu sai na ɗaga kai. Ciwon ƙoda ya daɗe yana cinki ba ki bari mun sani ba. Zuwana na ƙarshe na same ki a kwance, muryarki da ƙyar take fita, na zo da niyyar in yi miki godiya yadda ya kamata. Ba ki ba ni dama ba. Maganar Bala kika kawo, mai sayar da albasa, wanda muka shiga tare kuma har yau yana ciki. Kika ce kin miƙa shari'arsa ga abokiyar aikinki Barista Clara ta Wusasa, mace ce mai riƙon amana, in riƙa leƙa mahaifiyarsa. Na ce to. Na fito da godiyata a baki ban faɗa ba, ina cewa sai kin ji sauƙi.

Ya Allah, ga baiwarKa Radiya ta zo gare Ka. Ta tsaya wa waɗanda ba su da mai tsaya musu, Ka tsaya mata ranar da ba mai ceto sai da izininKa. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka haɗa ta da iyayenta da ƙanenta Suhail a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta Inna Batul da iyalina ga Alhaji Bahago, da 'ya'yanta Ummukulsum da Sagiru, da 'yan'uwa da ɗalibai da abokan aiki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayanta. Mu ma a yi mana gaisuwa, don mun yi rashin uwa.

Wanda kuma ya karanta wannan, in ya gama yi mata addu'a, ya sa da Bala da sauran da ke tsare ba a yi musu shari'a ba. Labari ba ya shiga wurin da suke. Har yanzu ba su san ta rasu ba, duk sanda aka taɓa ƙofa suna zaton ita ce ta zo.

Haisam Mai-ɗinki
Ƙofar Gayan, Zariya