Yatsu Biyu na Mai Ƙarfe

Mai Ƙarfe ya rufe rumfarsa ta motsa jiki ran Asabar. A cikinta ya tsufa, yanzu gwiwa ta ƙi.

Kullum da sassafe shi ke share wurin, ya goge sanduna da tsumma, ya jera ƙarafan da ya haɗa da tsofaffin kayan mota. Duk wanda ya zo, kafin ya taɓa sanda, sai ya ɗora masa yatsu biyu a wuya ya ji bugun zuciya. In bai gamsu ba, sai benci. Samari kan yi masa tsiya: "Bakanike, yau me injin ya ce?" Shi kuwa ya ce, "Ya ce tsohuwarka na son ganin jika. Zauna."

Ƙanena, wanda ake kira Giwa, a nan ya tashi. Ƙirji kamar ƙofa, dariya kamar tsawa. Ƙwai, nama, madara, cin mutum uku yake yi, wai tsoka sai da abinci. Mai Ƙarfe ya ce masa, "Giwa, kana ta ƙara wa mota kaya, injin kuwa ɗaya ne." Ya hana shi babbar sanda sai ya rage ci. Giwa ya yi zuciya, ya koma inda ba a taɓa wuyan kowa. Bai ga furfurarsa ba. A kan matakala ya faɗi.

Ko cin ne, ko ƙarfen, ko kwana ne ya ƙare, ban sani ba. Na dai san waɗanda suka jure bencin nan suna raye, da jikoki a kafaɗa.

Mai Ƙarfe, kai ne ka yarda samari su guje ka, da dai ka bi gawarsu. Ba na yabon mutum da arha. Na gode, Allah ya saka. Masu irin wannan rumfa, ku koyi taɓa wuya.

Ran rufewar na je. Sandar Giwa na jingine a lungu, ga inda tafinsa ya cinye fenti. Na tuɓe riga, na ce, "Sau ɗaya kawai. In riƙe inda ya riƙe."

Mai Ƙarfe ya ɗora mini yatsun nan biyu. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Yayan Giwa," ya ce, "rashin ɗaya ya ishe ni. Ba za ka ɗaga ba."