Ranar da na yi zamiya a gangaren gonarmu

Ina cikin jan ƙaya zan toshe gangaren da ke ƙarshen gonarmu ta Kausani, sai ga jikana da abokansa su ma sun iso, kowa da farar riga kamar masu zuwa ɗaurin aure. Shekarun baya ne, lokacin yana karatun injiniya a jami'ar nan ta Wudil.

"Amarya, ajiye ƙayar nan," in ji shi. Haka yake kirana tun yana rarrafe, ni kuma in ce masa maigida.

Na ce, "Maigidan da ko cefane bai taɓa yi ba? Matsa ka ba ni wuri."

Abin da ya sa zan toshe wurin, yaran unguwa ne. Sai su raba jarka biyu, su ɗebo ruwa a kogi su kwarara a kan lakar gangaren har ta yi santsi, su zauna a cikin jarkar su zamo ƙasa suna ihu. Damina na zuwa ruwan sama ya bi sawun da suka yi, ya yi ta cin ƙasa. A shekarar ya fara cin kunyoyin dawata. Gonar nan kuwa ita kaɗai marigayi mijina ya bar min.

Jikana ya ciro waya ya nuna min Turawa tsaye a kan katako, suna zamowa daga saman dutse a kan ƙanƙara. Ya ce malaminsu ya gaya musu saboda wasan nan ana sare itatuwa, ana ɓarnar ruwa wajen yin ƙanƙarar da inji. Aikin da ya ba su shi ne su nemo yadda za a yi wasa ba a kashe wurin wasan ba. Tunda mu ba mu da ƙanƙara sai ta cikin firji, ya ce kowa ya nemi gangare a garinsu ya gwada.

Na ce, "Wato manya da gemu, zamiya aka tura ku ku koyo?"

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Amma gaskiya hoton ya taɓa ni, don a gangaren nan na yi ƙuruciya. Mu a zamaninmu babu jarka, a fasasshiyar ƙwarya muke zama. Ni da ƙawata, Allah ya jiƙanta, sai mu ajiye tulu a bakin ruwa mu yi ta hawa da sauka har zanenmu ya koma kalar laka, mu je gida a zane mu, gobe mu dawo. Ba wanda ya toshe mana.

Sai na kafa musu sharaɗi. Na ce in abin ya yi zamiya ba tare da an zuba ruwa ko ɗigo ba, zan bar wa yara wurinsu. In bai yi ba, ƙaya zan sa, malaminku ya zo ya cire da hannunsa.

Suka yi ta zarya a rani. Suka cike ramin da ruwan sama ya ci, suka haƙa 'yar hanya a sama don ruwan sama ya kauce, suka dasa ciyawar jema a gefe da gefe don saiwarta ta riƙe ƙasa. A tsakiya suka shimfiɗa buhunan taki. Wani mai ƙiba a cikinsu ya fara gwadawa, ya maƙale a tsakiya kamar jaki a taɓo, sai da aka turo shi. Yaran unguwa na can gefe suna masa tafi. Suka kwashe buhunan suka kawo tsofaffin tabarmin roba, suka kafe su da turaku. Ni dai nawa fura ce, in dama in kai musu, in zage su, in dawo.

Ranar da malamin ya zo dubawa, mutum ne siriri mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Ɗalibai suka hau suka zamo lafiya. Ya ce, "To, Iya, kin gani da idonki."

Na ce, "Ido ba ya zamiya. Yaranka ne, dole su yabi aikinsu. Miƙo min jarkar nan."

Jikana ya zaro ido. "Amarya, ki rufa min asiri! In kika karye me zan gaya wa Baba?"

"Ka ce masa matarka ce, ka kasa tanƙwara ta."

Na ɗaure mayafina a ƙugu, na yi bisimilla na zauna. Gwiwoyina suka yi ƙara. Na ce a tura ni, kowa ya noƙe, sai malamin da kansa ya sa hannu.

Wallahi iska na ji a kunnena, kogi yana tahowa da gudu. Ihun da na yi ban san yana cikina ba har yanzu. Na tsaya a cikin yashi, ɗankwalina a can, takalmi ɗaya a can, zanena kuwa a bushe ƙamas.

Suka rugo gaba ɗaya. Malamin yana haki ya ce, "Iya, lafiya? Yaya kika ji?"

Na ce, "Yara sun ci wurinsu. Ku ɗaga ni ku mayar da ni sama, ban gama bincike ba."