Kawu Sale da Farantan Kan Rufinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin jirgin ruwa, na baro unguwarmu ta Stapleton a nan ƙasar waje zuwa wurin aiki, mako na uku da fara sabon aikina na akanta, mahaifiyata ta kira ni. Ta ce, "Zainab, ki juyo. Kawunki Sale ya cika bayan asuba." Jirgi ba ya juyawa a tsakiyar ruwa, sai da na ƙetare na sake dawowa.

Kawu Sale yayan mahaifiyata ne. Shekaru masu yawa ya yi yana tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti, da ita ya sayi ɗan gidansa. Mutum ne mai tsantseni. Ko rasit ɗin burodi sai ya duba kafin ya bar shago. Sau ɗaya ya sa hannu bai karanta ba, kuma dole in faɗi yadda aka yi, domin shi da kansa bai yarda a ɓoye ba.

Wani dillalin sola ne, ɗan ƙasarmu, ya tare shi a ƙofar masallaci. Ya bi shi gida, ya ci tuwon Anti Rabi, matar Kawu, ya yaba miya. Ya ce, "Alhaji, wallahi gwamnati ce za ta biya. Kai dai ka ba da rufi, kuɗin wuta ya zama tarihi." Ya miƙo kwamfutar hannu, Kawu ya sa hannu da yatsa. Daga baya na tambaye shi dalili. Ya ce, "Mutum ya ci abincina, ya rantse da Allah. In ce masa kawo in karanta? Ai na ƙaryata shi ke nan."

Lokacin cike takardun haraji ya kawo mini yarjejeniyar, yana murna in nemo masa rangwamen harajin da dillalin ya ce gwamnati za ta ba shi. Sau uku na karanta, don ina tsoron kada kuskuren ya zama nawa. Ba sayen farantan solan da aka kafa masa a kan rufi ya yi ba, hayarsu ya ɗauka na shekara ashirin da biyar, kuma kuɗin hayar yana hawa duk shekara. Rangwamen gwamnatin tarayya kuwa na mai farantan ne, wato kamfanin da ya ba shi hayar. Ko da saye ya yi, ba tsabar kuɗi ake miƙa wa mutum ba, daga harajin da ke kansa ake cirewa, kuma harajin ɗan fansho bai taka kara ya karya ba. Dillalin ya san duk wannan. Sola kanta ba yaudara ba ce. Maƙwabcinsu da ya saya da idonsa a buɗe yana ganin sauƙin kuɗin wuta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda aka yi amfani da sallama da rantsuwa aka rufe wa dattijo ido.

Na zaci zai ce in rufa masa asiri. Juma'ar da ta biyo baya sai ya nemi izinin liman, ya miƙe a gaban jama'a da takardun a hannu. Ya ce, "Jama'a, ga wawa nan ku kalla kyauta. Kada wani ya biya kuɗin kallo irin nawa." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Daga ranar, duk wanda dillali ya zo masa sai Kawu ya jawo shi falonsa, ya zaunar da ni in karanta. Idan na fara sauri don jin nauyin manya, sai ya ce, "Akanta, a hankali. Ƙananan rubutun nan su ne masu haƙora."

Ranar sadakar uku dillalin ya zo gaisuwa. Ya yi doguwar addu'a, sannan na ga yana zira wa mazan da ke kan tabarma katinsa, a ƙarƙashin rufin da ya ɗaure. Ya kuma aika wa Anti Rabi, tana cikin takaba, cewa akwai 'yar takardar mayar da hayar sunanta, minti biyu kawai, don kada a samu matsala da gidan.

Ta aiko a kira ni. Gidan shi ne duk abin da ya rage mata. Ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce, "Zainab, ce masa ya bar takardar. A gidan nan yanzu sai an karanta." Ya ce babu ta takarda, tana cikin na'ura. Na ce masa ya buga ya kawo, shafi da shafi, lauya ma zai gani. Ya tattara katunansa ya fita, har yau bai dawo ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa tona asirin kansa da ya yi don kare mutane ya zama haske a kabarinsa. Allah Ya ba Anti Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ya bar musu gidansu. Amin.