Bawa, Matafiyin da Bai Taɓa Fita Gida Ba

Ni tsohon malamin gona ne a Kaura Namoda. A makarantar mishan na yi karatu, inda aka hore mu da cewa aikin da aka yi rabi da rabi abin kunya ne. Shekaru da dama na zaga ƙauyuka da kyamara, ina ɗaukar hotunan hanyoyi da gonaki. Da na yi ritaya, 'yan bindiga kuma suka tare hanyoyin, sai hotunan suka zama abokan hirata.

Da su na ƙirƙiri wani mutum a shafin sada zumunta, na raɗa masa suna Bawa Matafiyi. Ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Hanya ce kawai, da inuwar tsamiya, da gero yana rausaya bayan ruwan sama. A ƙasa sai in rubuta: "Yau na yi la'asar a Birnin Tsaba, ba motsi sai na kurciya." Ban taɓa sa hoton damina a lokacin rani ba, shi ya sa ba wanda ya yi shakka.

Waɗanda rikici ya raba da gidajensu suka ƙaunaci Bawa. Ni ma na ƙaunace shi, domin yana zuwa inda ƙafata ba ta zuwa. Suka fara aiko masa kuɗin mai don ya dubo musu garuruwansu. Na farko na mayar. Na biyu na riƙe.

Wata mata mai suna Hajara, wadda ta gudo daga Galadi zuwa Gusau, ta rubuto: "Malam Bawa, don Allah dubo min gonar marigayi mijina. Ana iya noma bana?" Na zaɓi tsohon hoto mafi kyau, na amsa: "Lafiya lau, 'yar'uwa. Ƙasa tana jiran iri."

Ta tura ɗanta Sani, magidanci mai 'ya'ya uku, a kan babur. Bai isa gonar ba. Har yau ba labarinsa.

Ta asusun bankina 'yan sanda suka gano ni. A kotu Hajara ta dube ni, ta ce: "Baba, kai ne Bawa? To ina ka kai min Sani?"

Shekara uku na yi a gidan yari. Da na fito na tuba ga Allah, na je neman gafararta. Ta ce in dawo ranar da ɗanta ya dawo.

'Ya'yana, ku ji daga bakin wanda ya aikata: kada ku taɓa ce wa mutum hanya lafiya take, alhali ba ku bi ta ba. Akwai wanda zai yarda da ku, ya hau babur.