Ɗakin da Malam Ya Toshe

Yaran da suka rasu suna ci gaba da girma ne a inda suke? Na tambayi limaminmu, ya ce in bar wa Allah saninsa, na kuwa bar masa. Amma tambayar ba ta bar ni ba, kuma wajen gyaran gida na samo ta.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Tungar Guru. A shekarun da zinari ya shiga kan mutane, kowane gida dakan dutse ake yi, har da namu. Idan an niƙe an wanke, sai a bar wata ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Mazan garin suka gano tana yin yaɓe mai kyau, ba ta tsagewa. Da ita mijina, Malam, ya yaɓe ɗakin da jikokinmu biyu ke kwana da uwarsu, mace da namiji, 'ya'yan babban ɗanmu. Ranar yaɓen, laka tana ɗanya, suka manna tafin hannunsu a bango. Na ɗauko tsintsiya zan kore su, Malam ya ce in ƙyale su. Shaidar ta bushe a nan, ɗan sama da gwiwata.

Da damina ta kama, ciwon jijjiga ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Uwarsu ta tafi gidansu ba ta dawo ba. Sai ga likitoci da ƙyalle a hanci, suka ce gubar dalma ce a cikin ƙasar nan. Aka kankare tsakar gidanmu, aka zubo sabuwar ƙasa. Ɗakin kuma suka ce a rushe. Malam bai yi musu da kowa ba. Ya kwaɓa laka, ya jera tubali a ƙofar da tagar, ya shafe. Har ya bar duniya, shekaru bayan haka, ba a ta da zancen a gabansa.

Ɗana ya koma Gummi, ya sake aure, aka yi masa 'ya mace. Yana so ya dawo da iyalinsa gida ya kama gonar ubansa, amma dangin matarsa suka ce ba za a kawo jaririya gidan da ɗakin nan ke tsaye ba. Ban ga laifinsu ba. Rufin ya fara zaizayewa, yaɓen yana marmashewa, in an yi ruwa sai jar laka ta malalo tsakar gida. Ko in riƙe ɗakin in zauna ni kaɗai, ko in sake shi in samu jika mai rai.

Ɗana ya zo da takarda, wai wani a Gummi ya zana masa yadda sabon gidan zai kasance. Na karɓa na daɗe ina dubawa.

“Inna, kin juya ta. Zauren yana ƙasa.”

“Ni kowane gefe ɗaya ne gare ni. Ina ɗakin yara a nan?”

Ya ɗora yatsa a kan wani fili ya ce nan falo zai zauna.

Na ce ba zan yarda da gidan da ban taka da ƙafata ba. Sai aka kira wani magini daga Adabka, dattijo mai yawan ba'a. Ya kafa turaku, ya ja igiya, ya bi ta da toka, ya shimfiɗa gidan a ƙasa. Na shiga ta inda ya ce ƙofa ce, na zaga ɗakuna marasa bango. Layin tokar ya tafi kai tsaye har ya daki bangon ɗakin yara, magini ya zagaya, ya ci gaba da zubawa ta ɗaya gefen.

“Ba a iya lanƙwasa gidan ya kauce masa?” na tambaye shi.

“Inna, gida ba maciji ba ne. In kin so na kewaye shi da bulo, amma sama fa? Ruwa zai ci gaba da kawo miki shi har bakin murhu, nan inda yarinya za ta yi rarrafe.”

Ya matsa ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar cebur don ya ji ƙarfinsa. Tsakar rana ce, garin tsit, ko akuya ba ta kuka. Ya sake ƙwanƙwasawa, sai na ga ya karkata kai.

“Kuna kiwon tantabaru a ciki?”

Na ce ɗakin ba shi da kafar da ko gafiya za ta bi. Ya ajiye cebur, ya ce zai je salla, alhali ba a kira ba. Ranar bai ƙara yin ba'a ba.

Na hau babur zuwa Duza wurin yayar Malam, don ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta tsufa har ba ta gani sosai, amma har lokacin amarya take kirana. Na zayyana mata komai.

“Ke amarya, mi kike tsaro a ɗakin ga? Yaran suna maƙabarta, kowa ya san wurin.”

“Na sani, Yaya.”

“To ƙasa kike reno?”

Na fashe da kuka a gabanta. Ta bar ni sai da na gaji, sannan ta ce ita ma ciwon nan ya ɗauke mata jika, kuma ta ba da tabarmarsa tun kafin arba'in, amma har yau in ta dama fura sai ta rage masa a ludayi. Ta ce in rushe, in kuma na ji wani abu kada in gaya wa matar ɗana.

Na dawo na ce wa ɗana na yarda.

Da hantsi aka zo. Kowa ya ɗaura ƙyalle a hanci, aka yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. Magini ya ɗaga diga, na ce ya dakata. Na tsaya a inda ƙofar take a da, na yi sallama da murya sosai, na jira gwargwadon yadda ake jiran amsa.

“Inna, wa kike yi wa sallama?” in ji ɗana.

Na matsa gefe, aka fasa.

Na yi zaton yanar gizo da warin jemage. Babu ko ɗaya. Ɗakin sanyi ƙalau, daɓen sumul kamar an share. Na shiga na nufi bangon. Tafukan hannun suna nan, guda huɗu, amma daidai ƙirjina. Na ɗora nawa a kai, yatsun sun kusa kai nawa tsawo.

Na kira magini na nuna masa. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, “Inna, tsufa ne ya rage ki. Kowa yana komawa ƙasa a hankali.” Wataƙila gaskiyarsa. Bayana ya ranƙwafa, hannuna ya ƙanƙance, idona ma ba na da ba ne. Amma ɗana, wanda tsayinsa bai canja ba, ya shigo ya duba, ya fita bayan rumbu ya daɗe bai dawo ba. Har yau bai ce mini komai a kai ba.

Na roƙi a yanke mini wannan gefen bangon in ajiye. Ɗana ya ce, “Ita ce dai ƙasar, Inna.” Aka kwashe a baro aka kai ramin da likitocin suka nuna a bayan gari, aka rufe.

Yanzu falo ne a wurin, da siminti da rufin kwano. Jikata ta koyi tafiya a cikinsa, lafiyarta lau. Ina zama a can in yi kuka ba na ɓoyewa, ita kuma ta zo ta ja mini zane.

Malam da safe ya rasu. Na kai masa kunu ya kurɓa kaɗan, ya sa na jingina shi yana fuskantar tsakar gida. Ya daɗe yana kallon bangon da ya toshe, sannan ya riƙe hannuna.

“Na san ba za shi tabbata ba,” ya ce. “Ranar da za ku fasa, kada ki bari a sa diga sai kin yi sallama. Ba su saba da baƙi ba, kada su firgita.”