Dokta Mai Kemis da Shagon Ƙanwarsa

A layinmu kowa Dokta yake ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa makarantar likitoci ba. Kemis ɗin mahaifinsu ya gada. Shekarar da ya gama sakandare tsohon ya kwanta ciwo, aka ce ya ɗan riƙe shagon kafin a samu sauƙi. Sauƙin bai samu ba, shi kuma bai sake fitowa daga bayan kantar nan ba. Ɗaki ne ɗan tsukuku, da kabad ɗin gilashi mai tsaguwa a gefe, da benci a ƙofa inda mutane ke zama su faɗa masa damuwarsu, har da wadda ba ruwanta da magani.

Da cinikin shagon nan aka yi wa autar gidansu karatu har ta fito jami'a da digirin haɗa magunguna. Ranar da ta kawo takardarta, Dokta ya yi ta yawo da ita yana nuna wa maƙwabta. Da zuciya ɗaya ya yi murnar.

Abin ya soma ne lokacin da gwamnati ta fito da inshorar lafiya. Mai kati zai karɓi maganin da likita ya rubuta masa a kan ɗan abu kaɗan, amma sai a shagon da ke da mai lasisin haɗa magani. Dokta ya ci ado ya tafi ofishin rajista. Ma'aikaciyar ta saurare shi da ladabi, sannan ta ce, "Baba, takardarka ta sayar da ƙananan magunguna ce. Wannan tsarin sai wanda ya yi karatun a jami'a, ya ci jarrabawar hukuma."

"Tun ba a haife ki ba nake wannan aikin."

"Na yarda, Baba. Amma ba shekaru suke tambaya ba."

Da Auta ta ji labari, ta same shi a shago. Ta ce, "Yaya, mu haɗa kai. In rataya lasisina a nan, a faɗaɗa wurin, kai ka riƙe ciniki, ni in riƙe magani."

"Wato in koma yaronki a shagon ubana."

"Ubanmu dai, Yaya."

Ya ci gaba da goge kwalaben da ba su da ƙura. Ta jira har ta gaji, daga baya ta kama shagon da ta samu a unguwar, wanda ya zo daidai tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa.

Daga bencinsa yana ganin komai: farar rigarta, firijin allurai, allon inshora da aka kafa mata, da mutanen da ya sani tun suna goye suna shiga da kati a hannu. Wasu kan ɗaga masa hannu, wasu su sunkuyar da kai. Ya juya bencin ya ba titi baya, washegari ya mayar da shi yadda yake, don rashin ganin ya fi ci masa rai. In wani ya zo sayen man zafi, sai ya ce masa, "Maganin kati ai ba shi da ƙarfi, shi ya sa yake da araha." Har farar riga ya ɗinka. Matarsa ta dube shi ta ce, "Maigida, aski ka koma yi?" Bai ƙara sa ta ba.

Abin da ya fi ƙona shi, Auta ba ta canja masa ba. Kullum sai ta tsallako ta gaishe shi, kuma in aka nemi abin da yake da shi, wurinsa take turo mutum. Shi kuwa gani yake sadaka take ba shi.

Sai hawan jini ya kama shi. Ya daɗe yana haɗa wa kansa magani, har matarsa ta matsa ya ga likita, ta kuma yi masa kati. Da aka ce ya zaɓi inda zai riƙa karɓar magani, ya zaɓi wani shago can ƙarshen gari, sai an canja mota kafin a kai. A can mai haɗa maganin ya tambaye shi me yake sha, ya lissafa masa.

"Baba, wannan na ciwon gwiwar ka bar shi, yana tayar da jini. Wa ya ba ka?"

Dokta ya ce, "Wani mai kemis ne."

Auta ta ji inda yake zuwa daga bakin matarsa. Ba ta yi masa maganar ba, sai dai ran nan gaisuwarta gajera ce.

Yanzu sabulu da madara da audugar jarirai sun cinye rabin kabad ɗinsa. Bara ɗiyarsa ta biyu ta samu gurbin karatun haɗa magunguna, kuma Auta ce ta bi mata hanya. Ranar tafiya yarinyar ta durƙusa yi masa sallama. Ya sa mata albarka, sannan ya ce, "In kin dawo hutu, a shagon nan za ki zauna. Gwaggonki tana da ma'aikata."