Kalmar da Ta Ƙi Zama a Bakina

"Ke Hadiza, wace addu'a ce kike ta maimaitawa tun safe?"

Baba ne ya tambaye ni, yana shanya shinkafa a tsakar gidanmu na Argungu. Na ce ba addu'a ba ce, kalmar Turanci ce ta ilimin ƙididdiga, heteroscedasticity. Ranar Litinin zan kare aikin bincikena na ƙarshe a gaban malaman makarantarmu a Birnin Kebbi, ga shi duk na zo tsakiyarta sai harshena ya sarƙe. An taɓa yi mini dariya a aji saboda ita.

Ya ce, "Yanka ta gaɓa-gaɓa, yadda munka koyi haɗa baƙi."

Muka ƙirga tare, gaɓa takwas: he-te-ro-ske-das-ti-si-ti. Na gaya masa farkonta na nufin daban-daban, tsakiyarta warwatsuwa.

"To mi ad daban?"

Na ce, ƙananan gonaki amfaninsu kusan ɗaya ne, manyan kuwa wani ya cika rumbu, wani ya tashi da kaɗan.

Ya ce, "Wanga ai kowane manomin fadama ya san shi. Suna kawai sunka ba shi mai tsawo."

Ranar Litinin na faɗe ta a hankali ban yi tuntuɓe ba. Da malamai suka nemi bayani, misalin gonakin Gulma da ke kusa da garinmu na kawo musu, suka gyaɗa kai.

Shekara biyu ina jin tsoron abin da na tashi a cikinsa. Ku wace kalma ce ta taɓa firgita ku haka?